Ƙauyen Aro: Yadda Likita Lambo Ya Nema Wa Masu Taɓin Hankali Masauki a Gidajen Manoma

A Kano, in mutum ya cika soki-burutsu a majalisa, sai ka ji wani ya ce, "Kai, wannan sai Dawanau," wato inda asibitin masu taɓin hankali yake. A Legas, Yaba ake kira masa. A sauran ƙasar Yarbawa kuwa Aro ne, har sunan ya zama abin tsokana, a ce wa mutum "Aro" ana nufin kansa da motsi. Da yawa daga masu faɗar haka ba su san cewa Aro sunan wani ƙauyen manoma ne a gefen Abeokuta ba, kuma a shekarun 1950 da 1960 likitoci daga ƙasashe daban-daban sun riƙa yin takakkiya zuwa can don su gane wa idonsu abin da ba su saba gani ba: ɗaruruwan masu taɓin hankali suna kwana a gidajen mutane, ba katanga, ba kwaɗo a ƙofa, ba mari a ƙafa. Wanda ya ƙulla wannan tsari shi ne Thomas Adeoye Lambo, ɗan Nijeriya na farko da ya ƙware a likitancin ƙwaƙwalwa.

In an tashi ba da labarinsa a gurguje, akan ce shi ne likitan da ya haɗa asibiti da bokaye. Ya yi aiki da masu maganin gargajiya, gaskiya ne, kuma za mu zo kan wannan. Amma wanda ya tsaya a nan ya kama reshe ya bar gindi. Abin da Lambo ya kafa ya fi kama da murhu mai duwatsu uku: ɗan'uwan mara lafiya, da ƙauyen da ya ba su masauki, da likita da maganinsa a wurin da ƙafa za ta iya kaiwa. A ganina, yau dutse ɗaya ne ya rage a hannunmu, muna kuma mamakin yadda tukunyar ta ƙi zama.

Sai an san abin da ya tarar kafin a gane girman abin da ya yi. Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidan mahaukata a Kalaba a 1904, sannan a Yaba a 1907, cikin wani tsohon ginin hukumar jirgin ƙasa. Dokar da suka kafa a 1916 ta ba hukuma ikon tsare duk wanda aka yanke cewa mahaukaci ne. Manufar gidajen ita ce a kawar da mai damun jama'a daga kan titi, batun warkarwa kuwa bai cika shiga lissafi ba. Inda babu irin wannan gida, a Arewa da sauran wurare da dama, sai a ware wani sashe na gidan yari a zuba su, katanga ɗaya tsakaninsu da ɓarayi. Likitocin gwamnatin da kansu sun sha rubuta rahoto cewa cunkoso da ƙazanta sun wuce misali, amsar kullum ita ce babu kuɗi. A 1944, da aka fara dawo da sojojin da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila, wasunsu sun dawo kai ya taɓu, sai aka mayar da wani tsohon kurkuku a Lantoro, cikin Abeokuta, ya zama matsuguninsu. Daga wannan kurkuku asibitin Aro ya samo asali.

Bayan rashin kuɗi akwai abin da ya fi shi illa, wato abin da masanan wancan zamani suka yarda da shi game da ƙwaƙwalwar baƙar fata. Fitacce a cikinsu shi ne J. C. Carothers, wanda ya shugabanci asibitin mahaukata na Mathari a Nairobi. Ya rubuta cewa tunanin lafiyayyen ɗan Afirka ya yi kama da na Baturen da aka yi wa tiyata aka katse jijiyoyin gaban ƙwaƙwalwarsa. Shi da ire-irensa sun ce ciwon damuwa mai tsanani ba kasafai yake kama baƙar fata ba, wai don ba ya zurfafa tunani har ya zargi kansa. Sun kuma ce wanda ya fi saurin haukacewa shi ne wanda ya bar ƙauye ya shiga boko da birni, wai kansa ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa. Wannan magana ba a teburin mai shayi aka yi ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ce da kanta ta buga littafin Carothers a 1953. A riƙe wannan shekara, za mu dawo kanta.

An haifi Lambo a Abeokuta ranar 29 ga Maris, 1923. Ya yi sakandaren Baptist ta maza a garin, ya tafi Ingila ya karanta likitanci a Jami'ar Birmingham, sannan a 1952 ya shiga Maudsley a Landan, wadda ita ce uwa a fannin likitancin ƙwaƙwalwa a Birtaniya a lokacin. Ya karanta abin da ake rubutawa a kan mutanensa, ya kuma san mutanen tun yana yaro. A 1954 ya dawo gida, aka damƙa masa asibitin Aro.

Sai dai asibitin bai kammalu ba. Gini na tafiya, ɗakunan kwanciya ba su shirya ba, ma'aikatan jinya da suka san aikin 'yan ƙalilan ne, ciwo kuma ba ya jiran magina. Ga wata matsalar: talaka ya riga ya san cewa wanda aka kai gidan mahaukata na gwamnati da wuya ya dawo, don haka ba a kai mutum sai abu ya gagari kowa, ko kuwa 'yan sanda sun kama shi. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Lambo ya dubi ƙauyukan da ke kewaye da filin asibitin, ya je wurin masu garin da dattawansu da wata buƙata da ba a taɓa kawo musu irinta ba: su ba mahaukata hayar ɗaki.

Ka sa kanka a matsayin dagacin. Saurayi ɗan shekara 31, da kwat da Turanci, ya zauna gabanka yana cewa yana son ya kawo mutanen da danginsu ma suke ɓoyewa, su kwana a gidan da 'ya'yanka da jikokinka suke kwana. Mutane sun ji tsoro, kuma sai da aka sha zama da lallashi. A ƙarshe ƙauyuka huɗu suka amince, aka fara a watan Oktoba na 1954. Babban sharaɗin shi ne ba a karɓar mara lafiya shi kaɗai. Dole ya zo da wani nasa, yawanci uwa, ko yaya, ko goggo, wadda za ta zauna tare da shi, ta dafa masa, ta wanke masa kaya, ta raka shi wurin magani. Da tsarin ya kankama, ƙauyukan sukan ɗauki marasa lafiya tsakanin 200 zuwa 300 a lokaci guda.

Ranarsu takan tafi kamar haka. Da safe mai jinya ta shirya nata, su taka zuwa asibiti, a duba shi, a ba shi magani. Bayan nan akwai aikin hannu da ake sa su don kada zaman banza ya ƙara dagula kai. Da yamma su koma masauki. Mara lafiya ya ci tuwon da uwarsa ta tuƙa, ya zauna a ƙofar gida yana kallon masu dawowa daga gona, ranar kasuwa ya shiga kasuwa, mai zuwa masallaci ya je, mai zuwa coci ya je. Akwai ma'aikatan jinya da ke kwana cikin shiri, in wani ya rikice da tsakar dare a kira su. Ma'aikatan asibiti da dattawan ƙauye kuma suna zama lokaci-lokaci a warware ƙorafi kafin ya zama rigima.

Bahaushe ba zai ga baƙon abu a batun mai jinya ba. Duk asibitin da ka shiga a Arewa za ka ga tabarmi a baranda, da kwanuka, da butoci, da mata suna fifita wa marasa lafiya. Bambancin shi ne a yawancin asibitoci mai jinya ana haƙuri da ita ne kawai, a kore ta in likita zai zagaya, a kira ta in za a sayo magani. A Aro kuwa da ita aka gina aikin, kuma dalilan suna da ƙarfi.

Mai taɓin hankali sau da yawa ba zai iya ba da labarin ciwonsa ba. Uwarsa ce ta san ranar da ya daina barci, da abin da ya faru kafin nan, ko mutuwa ce aka yi, ko aure ne ya mutu, ko jarrabawa ce ya faɗi, ko akwai mai irin ciwon a dangi. Ita ce za ta ce wa likita, "Jiya ya tambaye ni ƙannensa," wanda alama ce da babu na'urar da za ta nuna. Tana zaune tana ganin sauƙi na shigowa kaɗan-kaɗan, don haka in sun koma gida ita ce shaidar cewa ciwon yana jin magani, ita ce kuma za ta fara gane alamun in zai dawo. Sannan akwai wata cuta ta biyu da gidajen mahaukata na Turai suka daɗe suna haifarwa: mutum ya shekara goma ana tashinsa da ƙararrawa, ana ba shi abinci a layi, ba ya yanke shawarar komai, har ya manta yadda ake zama da mutane. Ko ciwon farko ya lafa, ba shi da inda za shi, gurbinsa a gida ya riga ya cike. Wanda ya yi jinya a ƙauyen Aro bai taɓa fita daga cikin mutane ba, balle a sha wahalar mayar da shi. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Lambo ya shirya abin ta yadda hannun zai ci gaba da zama a jiki ana yi masa magani.

Su kuma mutanen ƙauyen, kada a ɗauka tsabar tausayi ne ya sa suka buɗe ƙofa. Ana biyansu kuɗin haya. Asibiti ya ba da rance ga masu son ƙara ɗakuna. An jawo musu ruwan famfo, an gina masai, an yi aikin kashe sauro, wasunsu sun samu aiki a asibitin, masu sayar da abinci sun samu ciniki. Wannan bai rage wa tsarin daraja a idona ba, shi ne ma ya nuna Lambo ya san mutane. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Da zama ya yi zama kuma, sai manomin da ke tsoron mahaukaci ya ga wanda aka kawo ɗaure da igiya, bayan 'yan watanni, yana gaishe shi da ladabi yana taya shi ɗaukar kaya. Babu wa'azin rediyo da zai cire ƙyama kamar wannan. Akan kwatanta Aro da garin Geel na Beljiyam, inda iyalai suka shafe ɗaruruwan shekaru suna karɓar masu taɓin hankali a gidajensu, har adadinsu ya kusa 4,000 a ƙarshen shekarun 1930. Amma a Geel mara lafiya yakan koma ɗan riƙo a gidan baƙi, wani lokaci har ƙarshen rayuwarsa. A Aro yana zuwa da nasa, kuma niyyar ita ce ya koma gida.

Dutse na uku shi ne wanda masu son labarin "komawa ga al'ada" suke yawan tsallakewa. A 1952, shekara biyu kacal kafin Lambo ya dawo, likitoci a Paris suka nuna cewa wani sabon magani, wanda aka fi sani da Largactil, yana kwantar da ruɗewar masu ciwon hauka, ya rage jin muryoyi da zargin ana bin mutum da sharri. Kafin shi, wanda ya fusata yawanci ɗauri ko kulle ake yi masa, ko a ba shi maganin sa barci. Aro ya yi amfani da irin waɗannan magunguna, da jona lantarki a ka, da allurar insulin mai sa dogon suma, wadda daga baya aka daina saboda hatsarinta ya fi amfaninta. Wato asibiti ne na zamaninsa sosai, da kyawunsa da kurakuransa. Zai yi wuya manomi ya yarda mai duka da fashe-fashe ya kwana a gidansa in ba don akwai abin da zai kwantar da shi ba. Lambo ya zo a kan gaɓa.

Yanzu batun masu maganin gargajiya. Lambo ya lura cewa kusan duk wanda ya zo wurinsa ya riga ya biya ta wurinsu, kuma da yawa za su koma bayan sun bar shi. Ya kuma lura cewa tun kafin Bature ya zo, mai maganin hauka a ƙasar Yarbawa yakan ajiye mara lafiya a gidansa tare da wani ɗan'uwansa na tsawon watanni. Tsarin ƙauyen ma a nan ya samo wani ɓangare na siffarsa. Wasu daga cikin magungunansu kuma ba tatsuniya ba ne: Raymond Prince, wani likita ɗan Kanada da ya yi aiki a Aro, ya rubuta a 1960 cewa suna amfani da saiwar wata bishiya mai suna Rauwolfia, wadda ke ɗauke da sinadarin da likitocin Turai su ma suka yi amfani da shi wajen kwantar da masu ciwon hauka. Don haka Lambo ya jawo wasunsu kusa, suna aiki a inda idon asibiti ke ganinsu, suna taimakawa wajen fahimtar abin da mara lafiya da danginsa suke tsoro.

Akwai labarin da shi da kansa ya bayar. Wani ɗan Nijeriya da ya yi karatu a Cambridge ya samu ƙarin girma a aikin gwamnati, ya tsallake sa'o'insa. Ba da daɗewa ba ya yi hatsarin da ya tsira da ƙyar, sai tsoro ya kama shi cewa abokan aikinsa sun haɗa baki za su kashe shi. Hanyoyin asibiti suka kasa, sai dai a ba shi abin da zai sa shi barci. Rannan ya shigo wurin Lambo fuska a sake. Ya ce ya yi mafarki da kakansa, ya ce masa ya yanka akuya zai samu lafiya da tsawon rai, ya saya ya yanka, tsoron kuma ya tafi. Lambo bai ce akuya magani ce ba. Abin da yake nunawa shi ne digirin Cambridge bai goge yadda mutumin ke fassara masifa ba, kuma likitan da ya ƙi sauraron wannan fassara ya rufe wa kansa ƙofa.

A nan ne nake ganin ya kamata mu yi hattara, domin maganar na da baki biyu. Masu maganin da Lambo ya yaba wa basirarsu, a cikinsu akwai masu dukan mara lafiya da bulala da sa shi a turu. Shigo da su asibiti yana nufin a ɗauki sauraro da kwantar da hankali, a bar bulalar a waje. Wanda ya ce "ai Lambo ma ya yarda da na gargajiya" don ya halatta ɗaure ɗansa a gidan wani mai magani, ya juya maganar ne a kanta. Kuma ba a ƙasar Yarbawa kaɗai aka gwada wannan hanya ba. A Sudan, Tijjani al-Mahi, wanda ya riga Lambo ƙwarewa a fannin da 'yan shekaru, ya ƙulla alaƙa da shehunnan da mutane ke kai musu marasa lafiya. Misalinsa ya fi kusa da mu, domin a wurinmu ma zangon farko malam ne da ruƙiyya da rubutun sha. Babu likita mai hankali da zai hana uwa yi wa ɗanta addu'a. Tambayar ita ce ko malamin zai ce mata, "Hajiya, a ci gaba da addu'a, amma gobe a kai shi asibiti."

Lambo bai bar su Carothers sun sha ba. Tun a 1955 ya soki rubuce-rubucensu a wata mujallar likitoci ta Birtaniya, ya ce yawancinsu labarai ne da aka yi wa rigar kimiyya, da wariyar launin fata a ƙarƙashi. A 1961 ya tara taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abeokuta. Sannan ya haɗa kai da Alexander Leighton na Jami'ar Cornell ta Amurka, suka bi ƙauyuka da unguwannin Abeokuta suna tambayar mutane, suka kwatanta da irin binciken da aka yi a wani yankin karkara na Kanada. Sakamakon da ya fito a 1963 ya nuna cewa matsalolin ƙwaƙwalwa a wuraren biyu sun fi kama da juna fiye da yadda aka zata, kuma alamun damuwa, waɗanda aka ce baƙar fata ba ya yi, suna nan birjik. Abin da ya faru a baya shi ne Bature yana ƙirga waɗanda 'yan sanda suka kawo masa kawai. Mai damuwa kuwa ba ya tare hanya, yana ƙuryar ɗaki ya yi shiru.

Wani binciken ya fi wannan tayar da ƙura. Daga ƙarshen shekarun 1960 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bibiyi masu ciwon sikizofiriniya, wato ciwon da ke warwatsa tunani ya sa mutum jin muryoyi, a cibiyoyi tara na duniya, ciki har da Ibadan, da Agra ta Indiya, da Landan, da Mosko, da Washington. Bayan shekara biyu aka ga marasa lafiyan Ibadan da Agra sun fi na ƙasashe masu arziki samun sauƙi. Mutane da yawa suka ce ga shi nan, zumunci ne sirrin. An daɗe ana maimaita wannan kamar karatun allo, har a 2008 wasu masana, cikinsu da Farfesa Oye Gureje na Ibadan, suka ce a dakata. Waɗanda aka kasa ganowa a bibiyar fa, da waɗanda suka mutu, da waɗanda ba su taɓa zuwa asibiti ba suna ɗaure a bayan gida? Ni ina tare da masu wannan tambaya. Dangi na iya zama magani, suna kuma iya zama kurkuku, ya danganta da abin da ke kusa da su na taimako.

Shi kansa Lambo bai daɗe a ƙauyen ba. A 1963 ya zama farfesa a Jami'ar Ibadan, daga baya shugaban tsangayar likitanci, sannan shugaban jami'ar har zuwa 1971. A zamaninsa ne, ranar 1 ga Fabrairu, 1971, 'yan sanda suka harbe ɗalibi Kunle Adepeju lokacin wata zanga-zanga da ta faro daga ƙorafi kan abinci da kula da ɗakunan kwana. Wannan tabo ne a tarihin shugabancinsa, kuma ba daidai ba ne a tsallake shi. A shekarar ya koma Hukumar Lafiya ta Duniya a Jeniba, a 1973 ya zama mataimakin babban daraktanta, ya riƙe kujerar har 1988. Shekara 20 ke nan cif tsakanin ranar da hukumar ta buga littafin da ya ce ƙwaƙwalwar ɗan Afirka ragaggiya ce, da ranar da ɗan Abeokuta ya zama na biyu a cikinta. Ya rasu ranar 13 ga Maris, 2004.

Tsarin ƙauyen ya ci gaba a hannun Tolani Asuni da waɗanda suka biyo baya, amma a hankali ya dusashe. Abeokuta ta faɗaɗa ta haɗiye ƙauyukan. Mai ɗaki ya samu ɗan haya ma'aikaci da zai biya fiye da mara lafiya. Asibitin ya kammalu da gadajensa, hankalin gwamnati kuma ya koma kan gini, wanda shi ake iya yanke wa ƙyalle a ɗauki hoto. Tun ana cikin yi ma akwai masu cewa tsarin ya dace da ƙauyen noma ne kawai, kuma bai warware matsalar wanda ba shi da kowa ba, ko wanda ciwonsa ya sa shi zama hatsari. Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta a littafin asibiti ba. An yaba wa Aro da araha, amma arahar ta samu ne domin wata mace ta bar gonarta da sana'arta da sauran 'ya'yanta ta zo ta yi watanni tana aikin nas ba albashi.

To mu ina muka tsaya? A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, da yawa da mari a ƙafa da tabon duka a baya. Makonni kaɗan bayan nan aka fasa wani a Daura. Ba duka ne masu taɓin hankali ba, akwai 'yan ƙwaya, akwai waɗanda iyaye suka ce sun gagare su. Amma abin lura shi ne yawancinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. An zagi iyayen sosai a lokacin. Ni dai na kasa zaginsu da zuciya ɗaya, domin na san lissafin da ke gabansu: a lokacin, likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, yawancinsu kuma suna manyan birane. Asibitocin tarayya na wannan fanni da aka daɗe da sani a Arewa su ne na Kaduna, da Kware, da Maiduguri. Gidan mari kuwa yana bayan layi.

Dokar 1916, wadda aka sake wa fenti a 1958, ita ta ci gaba da aiki har zuwa Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta tanadi haƙƙoƙin mara lafiya da sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun kuɗi. A takarda, tun 1991 aka ce a shigar da kula da ƙwaƙwalwa cikin ayyukan ƙananan asibitocin sha-ka-tafi. Wanda ya fi kama da magajin Aro a aikace shi ne gwajin da Gureje da abokan aikinsa suka yi a Ibadan da Kumasi ta Gana, aka buga sakamakonsa a 2020: ma'aikatan ƙananan asibitoci suna ziyartar marasa lafiya a gidajen masu maganin gargajiya da na addu'a, suna ba da magani, suna sa ido. Waɗanda aka yi wa haka sun fi sauran samun sauƙi.

Kwanakin baya na raka wani ɗan'uwa asibitin ƙwaƙwalwa a wani birni na Arewa. A kan bencin da muke jira akwai wata dattijuwa da ɗanta, saurayi da bai wuce shekara 25 ba. Ta ɗaura gefen mayafinta a wuyan hannunsa, ɗaurin da ko yaro zai kwance, shi kuma bai ko motsa ba. A idon sawunsa biyu akwai baƙin zobe, tabon da ba sai an tambaya ba. Na gaishe ta, na ce, "Inna, daga ina?" Ta faɗi sunan wani ƙauye da ban taɓa ji ba, ta ce tun asuba suka fito, acaɓa ɗaya da mota biyu. Ta ce sun yi na malamai, sun yi na gargajiya, ya yi wata bakwai a gidan mari, sai da aka fara ba shi ƙwayar asibiti ya kira ta da Inna karo na farko cikin shekara biyu. Akuya ta sayar suka zo wannan karon.

Da suka fito daga wurin likita, ta nuna mini takardar don in karanta mata ranar dawowa. Mako huɗu aka rubuta. Ta ninke ta, ta ƙulle a bakin zane tare da canjin da ya rage, ta ce, "Ɗan nan, maganin yana yi masa. Hanyar ce ba ta yi mana." Sannan ta ja mayafin a hankali, ya miƙe ya bi ta.